Kabeji Sittin a Gidan Kan Tudu

Miyar kifi na tafasa a tsakiyar tebur lokacin da Taegon ya ajiye cokalinsa ya ce sun sayi gida. Mahaifiyarsa Madam Seok, wadda kowa a gidan ke kira Umma, har ta fara murmushi, don tun aurensa da Dasom shekara biyu da suka wuce take yi musu wa'azin cewa zaman haya ba zama ba ne. Ta tambaya a hawa na nawa yake. Mu mutanen Busan haka muke, in aka ce an sayi gida ba ma fara tambayar ɗaki nawa ne, hawan bene muke tambaya.

Taegon ya kalli matarsa, ita kuma ta dasa ido a kwanon shinkafarta.

"Ba bene ba ne, Umma. Gidan ƙasa ne mai tsakar gida. A Yeongdo, can saman tudu."

Ƙanwarsa Taehui ta fashe da dariya har ta ƙware. Ta ce ai ta san wajen, unguwar da ba kowa sai tsofaffi da kyanwoyi, inda aka rufe firamare don ba yaran da za a koya wa, ko mai kawo saƙo a babur in ya ga adireshin sai ya ce mashin ɗinsa ya lalace.

Umma ba ta yi dariya ba. Ta kashe wutar miyar a hankali, sannan ta fara. Ta ce shekara talatin tana tsugune a kasuwa tana sayar da busasshen kifi, sanyi ya ci gwiwarta, gishiri ya ci hannunta, duk don ta hau da 'ya'yanta wannan hawa na ashirin da uku, don kada wata rana a tambayi ɗanta unguwarsu ya sunkuyar da kai. Yanzu ga shi da hankalinsa da aikinsa ya ɗauki ƙafa ya koma inda kowa ke gudu. Ta ce ta san ba shawararsa ba ce. Ba ta kalli Dasom ba, kuma ba sai ta kalle ta ba.

"To ku je ku zauna," in ji ta. "Amma ku ji da kyau, na rantse ƙafata ba za ta tsallake ƙofar gidan nan ba."

Gaskiyar Umma ce, shawarar Dasom ce. Yarinyar ta tashi ne daga wannan ɗakin haya zuwa wancan, sau goma sha huɗu suna ɗaure kaya ita da mahaifinta kafin ta gama sakandare. Abin da take so a duniya bai wuce bangon da za ta kafa ƙusa ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Ranar da dillali ya hau da su tudun yana haki yana ba su haƙuri, ta ga ƙaramar tsakar gida da famfo, ta hau rufin ta hango tashar jiragen ruwa shimfiɗe a ƙasa, sai ta riƙe hannun mijinta ta ƙi saki. Taegon injiniya ne a jirgin dakon kaya, rabin shekara yake yi a teku. Ta ce masa daga nan za ta riƙa ganin shigowarsa. Shi kuwa mutum ne da bai iya ce mata a'a ba, kamar yadda bai iya ce wa uwarsa ba, kuma wannan hali shi ne asalin wahalar gidan.

Sun tare a watan huɗu. A watan biyar jirginsa zai tashi. Da safen ranar, yana tsaye a tsakar gida da jakarsa a kafaɗa, ya yi ta kame-kame kafin ya fito da abin da ke cinsa. Ya ce shi kaɗai ne ɗa namiji, uban nasu kuma ya rasu, ba zai iya zama a gidan da uwarsa ba ta shiga ba.

"Dasom, zan dawo a watan sha biyu. In har na dawo Umma ba ta shigo gidan nan ba, za mu sa shi a kasuwa, ko da asara. Ki yafe mini."

"Na ji, Yaya."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta raka shi har gindin tudu, matakala ɗari da sittin da uku, ta dawo ita kaɗai tana hawa tana share hawaye da bayan hannu. Na tausaya mata, kuma na ji haushinsa, don ya ɗora mata abin da shi kansa ya kasa sannan ya shige jirgi.

Kaɗaici kuwa ta sha shi. Tun a makon tarewa ta sa aka dafa mata wainar shinkafa mai jan wake don raba wa maƙwabta yadda aka saba, ta yanka kashi talatin, ta bi gida-gida tana ƙwanƙwasa. Ƙofa shida ce ta buɗe. Sauran duk kwaɗo ne ya yi tsatsa, ciyawa ta fito ta ƙarƙashin ƙyaure, takardun wasiƙa sun ruɓe a akwati. Kwana takwas tana cin ragowar wainar safe da yamma.

A ƙofa ta shida ta haɗu da tsohuwar da kowa ke kira Kaka 'Yar Namhae, da sunan garin da aka auro ta shekara sittin da suka wuce. Tsohuwar ta karɓi wainar, ta dube ta sama da ƙasa.

"Masu kuɗi sun gudu, masu ƙafa sun gudu. Ke me ya kawo ki? Laifi kika yi a ƙasa?"

Dasom ta ce a'a, zama ta zo yi. Kaka ta ce duk haka suke cewa. Sukan zo su shafa wa bango fenti, su ɗauki hoto, in sanyi ya shigo famfo ya daskare sai a wayi gari ba su. Ta ce ta daina koyon sunayensu. Ta rufe ƙofarta.

Ƙawayen Dasom sun zo ganin gida sau ɗaya, da omo da takardar bayi yadda ake kai wa sabon gida, suna haki suna tsokanarta cewa ita ta huta da biyan kuɗin gidan motsa jiki, suna ɗaga waya sama suna neman netwok. Sun yi selfi a kan rufi, suka ce wajen ya haɗu, ba su sake dawowa ba. Daga dangin miji kuwa ko kare bai leƙo ba.

Haka ta ci gaba. Da safe ta sauka zuwa shagon tabarau inda take aiki, da yamma ta hau. Damina ta zo rufi ya yi yoyo a wuri uku, ta hau ta liƙe da kanta. Ta kafa ƙusoshi a bango har sun fi abin ratayewa yawa. Takan ci abinci a tsaye gaban tukunya, don zama a tebur mai kujera biyu ya fi mata ciwo. Saƙon Taegon kan zo bayan kwana uku ko huɗu, gajere, kuma kullum da tambaya ɗaya a ƙarshe, ko Umma ta ce wani abu.

Umma ba ta ce komai ba. Duk Lahadi Dasom kan sayi 'ya'yan itace ta je gaishe ta. Umma takan karɓa, ta amsa gaisuwa, ta mai da ido kan talabijin. A bikin girbi Dasom ta yini a durƙushe tana suya har bayanta ya ƙage, aka ci aka sha, ba wanda ya ambaci gidan, kamar dai a kan bishiya take kwana. Sau biyu ta yi ƙarfin hali ta ce ko Umma za ta zo ta ga wajen. Na farko Umma ta yi kunnen uwar shegu. Na biyu ta ce ita ba ta maimaita magana. Dasom ba ta taɓa mayar mata da kalma ba, sai dai in ta shiga bas ta juya fuska wajen taga.

Watan sha ɗaya ya kama, lokacin kimjang, da kowane gida ke haɗa kimci, wato kabejin da ake tsimawa da gishiri da yaji, wanda zai ci har bazara. Duk shekara Umma kan bugo waya ta faɗi rana, surukarta da 'yarta su hallara. Bana wayar ba ta yi ƙara ba. Duk wadda ta yi aure a garin nan ta san abin da hakan ke nufi, an cire ki daga lissafin gida ke nan. Abin da Dasom ba ta sani ba shi ne Taehui ta riga ta gaya wa uwarta cewa ita bana ba za ta karya bayanta ba, na kamfani za ta yi oda. Umma ta rasa mai taya ta, girman kai kuma ya hana ta kiran surukarta. Buhun gishirin teku da ta jingine shekara uku yana tsane ɗacinsa, da barkonon da ta shanya da hannunta, suna nan a baranda ba mai taɓawa. Mata biyu ke nan, kowacce ita kaɗai, ɗaya a saman bene ɗaya a saman tudu.

Wata yamma Dasom ta ji Kaka 'Yar Namhae na gaya wa wata tsohuwar cewa shekara shida rabon da a yi kimjang a tudun, don ba mai ƙarfin hawa da kabeji. Saura mako uku jirgi ya dawo, kuma Dasom ta riga ta fid da rai. Ta ce a ranta in ma barin gidan za ta yi, to sai tsakar gidan nan ta ga kimjang ko sau ɗaya. Ta yi odar kabeji sittin. Mota ta juye su a gindin tudu ta tafi. Kwana biyu tana jigila, huɗu-huɗu a bayanta, tsofaffin na leƙe ta taga. Ta bi su gida-gida ta ce su zo ranar Lahadi a haɗa tare, kowa ta tafi da rabonta, ita za ta sa gishiri ranar Asabar.

A nan gizo ya yi saƙa, don Dasom ba ta iya sa gishiri ba. Mahaifiyarta ta rasu tana shekara tara. A gidan Umma kuwa ɓare tafarnuwa da wanke baho ne aikinta, Umma ba ta barin kowa ya taɓa gishiri. Kunya ta hana ta gaya wa tsofaffin, matar aure guda a ce ba ta san wannan ba. Ta sayo gishirin tebur mai laushi, ta raba kabejin biyu-biyu, ta barbaɗa a kan koren ganye ta bar farin gindi mai kauri haka nan, sannan ta jera su a baho a kife. Ta tsaya ta duba aikinta, ya burge ta. Ta ɗauki hoto ta tura a gurup ɗin iyali don Taegon ya gani duk ranar da ya samu netwok, ta rubuta a ƙasa, "Yaya, ni ma na iya."

Ta manta Umma na cikin gurup ɗin. Wata bakwai Umma na karanta komai ba ta taɓa sa ko ɗigo ba.

Ba a yi awa biyu ba aka bugi ƙyaure da ƙarfi. Dasom ta buɗe, sai ga Umma a tsaye, fuska jawur, gumi na zuba duk da sanyin, ɗaure da rabin buhun gishiri a bayanta. Ta kasa magana sai da ta dafa bango ta yi numfashi. Da ta samu bakinta kuwa ba gaisuwa.

"Kabeji sittin za ki kashe? Me suka yi miki?"

Ta sauke buhun ta tura shi ciki da ƙafa, ita kuma ta tsaya cak a waje, yatsun takalminta dab da dokin ƙofa. Daga nan ta fara ba da umarni. A juye bahon. A wanke wannan gishirin na banza, yana narkar da ganye ya bar gindi ɗanye. A haɗa ruwan gishiri a tsoma kowane ɗaya. A buɗe ganyen a zuba a farin wajen. A jera fuska sama, ba a kife ba, in an kife ina gishirin zai tsaya? Dasom na ta rawar jiki tana yi, Umma na ta miƙa wuya kamar mai leƙen katanga, tana cewa ya yi yawa, ya yi kaɗan, ba haka ake riƙewa ba.

Hayaniyar ta fito da Kaka 'Yar Namhae, ta iso tana dogara sanda. Ta kalli baƙuwar, ta kalli ƙofar da ke buɗe.

"Baiwar Allah, ki shiga mana. Ko ƙofar ce ta yi miki kaɗan?"

"Rantsuwa na yi."

"Ni ma na rantse ba zan tsufa ba," in ji Kaka, ta nemi dutse ta zauna don ta ga ƙarshen abin.

Umma ta yi kamar ba ta ji ba. Daidai lokacin Dasom ta ɗebi gishiri ta sake watsawa a kan koren ganye, don hannunta ya daskare kuma ta rikice. Haƙurin Umma ya ƙare.

"Ke wai uwarki ba ta koya miki komai ba ne?"

Maganar na fita ta san abin da ta faɗa. Dasom na tsugune da rabin kabeji a hannu, ba ta ɗago ba. Da ta yi magana muryarta a ƙasa take, ba fushi a ciki, da ma da fushin ya fi sauƙin ji.

"Ba ta samu lokaci ba, Umma. Kuma ba mu taɓa zama inda akwai wajen ajiye baho ba. Shi ya sa na so tsakar gida. Na ɗauka in ina da ita, wata rana za ki tsaya a kaina ki koya mini."

Hawaye suka zubo mata, ta rasa da me za ta share, hannayenta duk gishiri. Umma ma ta san ɗakin haya, ta san ɗaure kaya, gudun su ne ya kai ta hawa na ashirin da uku, ba ta taɓa tunanin cewa gudun abu ɗaya ne ya kai yarinyar nan saman tudu ba. Ta sunkuya ta naɗe ƙafar wandonta, ta tsallake dokin ƙofar, ta zo ta tsuguna gefen Dasom gwiwarta na ƙara. Ta kama hannun yarinyar da nata mai kaushi, ta cusa shi cikin buhu.

"Cikin tafi ɗaya. Ji nauyinsa. Haka za ki riƙa ɗiba."

Kaka 'Yar Namhae ta tashi ta kakkaɓe zaninta, ta tambayi Dasom sunanta, ta maimaita shi sau biyu, ta tafi.

Kabeji in ya sha gishiri sai an juya shi bayan awa biyar, a wanke sau uku, a tsane. Umma ta ce ba za ta bar wa wadda ta kusa kashe su wannan aikin ba, don haka ta zauna. Da la'asar Dasom ta neme ta ta rasa, sai ta same ta a kan rufi tana kallon teku. Ba ta juyo ba ta tambaya ta wane gefe jiragen ke shigowa. Dasom ta nuna mata. Suka tsaya tare har iska ta kore su.

Washegari tsofaffi shida suka cika tsakar gidan da safar hannu ja, Umma a tsakiyarsu kamar an haife ta a wajen. An kusa ba hammata iska kan jatan lande da romon ƙananan kifi, Kaka na cewa kimcin da ba romon garinsu abincin asibiti ne, Umma na cewa wasu dai ɗoyi suke kira daɗi. Taehui ma an aike ta ta kawo barkonon baranda, ta iso tana tsine wa matakala. Aka dafa nama. Da aka gama shafa wa kabejin farko haɗin yaji, Umma ta yago ganye mai taushi daga tsakiya, ta naɗe, ta ɗaga. Duk shekara bakin Taegon take sa wa wannan lomar, in ba ya nan na Taehui. Taehui har ta matso.

"Buɗe bakinki, 'yata," in ji Umma, ta sa wa Dasom.

Yaji ya kama ta, ta fake da shi ta yi kukanta son ranta.

Jirgi ya shigo ranar sha tara ga watan sha biyu. Taegon ya sauka da zuciya mai nauyi, don matan biyu sun haɗa baki ba su gaya masa komai ba, Umma ta ce a bar shi ya ɗanɗana zulumi shi ma. Ya fara zuwa gaida uwarsa yadda ya saba, ya yi ta danna ƙararrawa shiru. Mai gadin benen ya ce masa ai tsohuwar ta tafi gidan ɗanta tun shekaranjiya, yanzu can ta fi zama. Ya tsaya yana kallon mutumin, sannan ya zauna a kan jakarsa ya rufe fuska.

Unguwar ba ta canja ba. Har yau gidajen da ke kulle sun fi na buɗe yawa, famfo ya daskare a watan ɗaya kamar yadda Kaka ta faɗa, kuma Umma ba ta daina cewa sayen gidan wauta ba ce. Amma ba a sa shi a kasuwa ba. Abin da nake so 'yan mata da samari su ɗauka shi ne, Dasom ba ta ci nasara da gardama ba, ba ta kuma raba ɗa da uwarsa ba. Ta yi haƙuri wata bakwai, ta riƙe ladabinta, ta riƙe gidanta, kuma ranar da aka ga kasawarta ta faɗi gaskiya ba ta ɓoye ba. Iyaye kuma su riƙa tambayar 'ya'yansu dalili kafin su rantse, don da Umma ta tambaya tun a teburin farko, da ba a bar yarinyar nan tana cin abinci a tsaye ita kaɗai ba.